Ranar da Aka Ɗauke Ni Daga Bakin Ƙofa

Abin da nake da shi a garin a ranar ba shi da wuyar ƙirgawa. Darduma sittin a ɗaure, da babbar mota da na ɗauka haya zuwa bakin teku, da mutum uku da nake kwana a gidansu: Usta Hanna, da matarsa Maryam, da 'yarsu Warda.

Ni haifaffen Makka ne. Da ƙafa mahaifina ya zo daga Kano ta Sudan, kuma a dako ya ƙare rayuwarsa. Na fara da tallar ruwa a Mina, na kai ga shago kusa da Harami, ina sayar wa alhazai darduma. Bayan yaƙin duniya na biyu na gaji da cin da dillalai ke yi mini. Sai na riƙa bin alhazan Turkiyya idan za su koma, ina saro kaya daga hannun masaƙa.

Garin tsoho ne, a gindin dutse. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai mutanen kirki a cikinsa. Kana shiga za ka ga ginshiƙan Rumawa a tsaye babu rufi, awaki na kiwo a tsakaninsu. A jikin dutsen akwai kogo da aka sassaƙa, inda mabiya Annabi Isa na farko suka riƙa ɓuya suna ibada. Babban masallacin ma da duwatsun Rumawan aka gina shi. Usta Hanna ne ya zagaya da ni duk wuraren nan, yana ba ni labari da Larabci. Kirista ne, cikin 'yan gidajen da suka rage, kuma makullin kogon a hannunsa yake. Shi yana rinin ulu, matan suna saƙa dardumar da ba su taɓa sallah a kanta ba.

A ƙasar Turkiyya mutumin Makka ba ya shan shayi da kuɗinsa. Dattawa su kama hannuna su sumbata, su ɗora a goshi. In na ba mutum ɗan zamzam da dabino, sai farashi ya sauka da kansa. Na san haka, kuma na ci da shi shekara da shekaru. Har na ɗauka girman nawa ne.

Safiyar ranar Maryam ta kawo burodi mai zafi da zaitun. Muna karyawa wani maƙwabci ya leƙo. Wai an ji a rediyon gidan shayi cewa a wata ƙasa Kiristoci sun taɓa wani wuri mai daraja na Turkawa. Ba wanda ya san gaskiyar maganar. Da hantsi maƙwabtan da suke Kiristoci suka ɗaura wa jakuna kaya suka nufi ƙauye. Usta Hanna ma ya fito da alfadarinsa. Ya tsaya da igiya a hannu, ya ce, "Ya Hajji, me ka gani?"

Na ce, "Muddin ina gidan nan ba mai taka shi. Wa zai tsallake mutumin Makka?"

Ba yaudararsa na yi ba. Na yarda da abin da na faɗa. Ya dube ni, ya mai da alfadarin turke.

Bayan azahar muka fara jin ƙarar gilasai daga kasuwa. Sai dukan ƙarfe a ƙofofin shaguna. Sai warin kananzir. Usta Hanna ya tura matan cikin ramin da suke ajiye ulu, ya ja tabarma a kai. Ni kuwa na sa farar riga, na naɗa rawani, na fita na tsaya a bakin ƙofa.

Gungun mutane suka shigo lungun. A gabansu akwai mahaucin da ke gaishe ni kullum da safe. Na ɗaga hannu biyu.

"Haramun ne! Ku ji tsoron Allah!"

Suka tsaya. Na ɗauka an gama. Mahaucin ya miƙa wa na kusa da shi ƙarfen da ke hannunsa. Ya goge tafinsa a wando, ya kama hannuna ya sumbata, ya ɗora a goshi. Sannan ya juya.

"Ku ɗauke Hajji! A hankali!"

Ƙarti suka ɗaga ni kamar tulun da ake tsoron ya fashe. Suka tsallaka da ni hanya, suka ajiye ni ƙarƙashin ɓaure. Wani ya kawo kujera. Takalmina ɗaya ya faɗi, wani ya ɗauko ya sa mini da kansa. Mutum biyu suka dafa kafaɗuna, suna ba ni haƙuri.

Daga kujerar na ji ƙofa ta karye. Na ji randunan rini suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ja da shuɗi ya malalo ta ƙarƙashin ƙofa har zuwa ƙafafuna. Sai na ga Usta Hanna ya ɓullo ta gefen gida, yana kaɗa makulli sama yana ihu, ya nufi dutse. Tsoho ne, ba ya gudu sosai. So yake su gan shi.

"Ga shi can! Kogon zai rufe!"

Suka bar gidan suka bi shi. Masu riƙe da ni ma suka sake ni.

Ana kiran la'asar lungun ya yi tsit. Na shiga na janye tabarma. Matan suna nan da rai. Motar tana bayan gida, ko igiya ba a taɓa ba, don an ce kayan Hajji ne. Direban Musulmi ne, Allah ya saka masa, bai tambaye ni komai ba. Muka kwantar da su tsakanin ɗaurin dardumomi muka rufe da tamfol. Sannan na hau dutsen. Na sami gawar Usta Hanna a bakin kogon, makullin yana hannunsa. Na warware rawanina na lulluɓe shi. Babu lokacin haƙa rami.

Da magariba muka kai gadar da ke kusa da ginshiƙan. An gitta itace a hanya, wasu maza na tsare da ita.

"Tsaya! Me ke ciki?"

Direban ya ce, "Dardumar Makka."

Suka ɗaga tamfol. Suka shafi ta saman, suka shafa fuskokinsu. Ɗayansu ya leƙo ta taga ya ce in sa su a addu'a idan na je Ka'aba. Na ɗaga hannu na ce Allah ya karɓa. Suka janye itacen.

Da asuba muka isa bakin teku, inda Maryam take da ɗan'uwa. Warda ta ciji hannunta a gadar har ya yi jini, don kada kuka ya fito. Na jira Maryam ta tuna mini maganar da na yi da safe. Ba ta tuna mini ba. Ta ce in kwashe kayana, ai na riga na biya.

Dardumomi sittin suka sauka a Jidda, ba wadda ta ɓata. A hajjin shekarar na sayar da su duka kafin a hau Arfa, kuma ban taɓa cin riba irin ta ba. Har yau alhazan Turkiyya suna zuwa shagona. Idan dattijo ya kamo hannuna, sai in zare in sa a aljihu. Ban sake komawa garin ba. Mutum uku na ƙirga da safiyar ranar. Biyu na kai bakin teku.