Injin Inna Gumsu Da Bai San Alkama Ba

Kafin rana ta leƙo kan fadamar Haɗeja, Inna Gumsu ta riga ta share rumfarta, ta wanke hannu har gwiwa. Injinan niƙa biyu gare ta. Babban yana rumfa, na kowa ne: gero, dawa, masara, alkama, duk abin da aka kawo. Ƙaramin, mai koren fenti, yana can ɗaki daban a rufe, da nasa kwano da tasa tsintsiya. Shi take fara tayarwa kullum, kafin ƙurar babban ta hau jikinta. Shekara huɗu ke nan ƙwayar alkama ɗaya ba ta shiga bakinsa ba, shekara huɗu ke nan kuma matan unguwarmu suna yi mata dariya a kansa. Abin ya ishe ni, shi ya sa na ɗauki biro.

Ni gwaggon Aziza ce, 'yar ƙanena. Tana da shekara shida ta zama abin tausayi: ciki a kumbure, ƙafafu kamar sillen kara, zawo ba dare ba rana. Wane jiƙo ne ba mu ɗura mata ba? Mu kuwa a nan, idan yaro ba shi da lafiya, me ake lallaɓa shi da shi? Shayi da burodi, taliya da manja, har da tuwon alkama, tunda an ce shi ne abincin marasa lafiya. Muna ba ta tana ƙara narkewa. Sai da aka kai ta Kano aka yi gwaje-gwaje likita ya ce cutar siliyak ce: hanjinta ba ya ɗaukar alkama, ko kaɗan ta ci sai ta gurje shi, abinci ya wuce bai amfane ta ba. Babu allura, babu ƙwaya. Maganin kawai ta rabu da alkama har ƙarshen rayuwarta.

Uwarta Shamsiyya ta kawar da duk wani abu na alkama, yarinya ta fara murmurewa. Da rani ya yi, aka yanke alkamar fadama, sai ciwo ya dawo sabo fil. Nan fa muka tasa Shamsiyya a gaba, har da ni, wai tana ba ta a ɓoye. Baiwar Allah ta yi rantsuwa har ta gaji.

Rannan sai ga Inna Gumsu ta yi sallama, gari fari fat a girarta. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Ku ƙyale yarinyar nan Shamsiyya, ni ce. Sati uku ina niƙa wa mutane alkamar funkaso, in juye, in zuba masarar gidanku a bayanta. Bakin inji ɗaya ne. Abin da ya maƙale a ciki ina kuke zaton yake zuwa?"

Ba wanda ya tambaye ta, ba wanda zai taɓa ganewa. Da ta yi shiru, da har yau Shamsiyya muke zagi.

A satin ta jawo tsohon injinta da ya daɗe a jingine, ta sa aka sake masa farantan niƙa, ta wanke shi tas, ta ware masa ɗaki. Daga ranar rumfarta ta koma makaranta. Duk matar da ta zo da yaro mai ƙaton ciki da siraran hannuwa, sai ta kashe inji don a ji ta da kyau: "'Yar nan, ban ce cutar Aziza ce ba, ni ba likita ba ce. Kada ma ki hana shi burodin tukuna, kai shi a gwada a gani." Yara biyu aka gano ta bakinta, ɗaya daga Auyo, ɗaya daga Kaugama. Yanzu a kan babur ake kawo niƙansu, buhu a ɗaure tamau.

To me ta samu? Sai gori: "Cutar Turawa a gidan talaka!" "Injin 'yan gata!" Haba jama'a! Mu da muke noma alkamar nan da hannunmu, don me ba za mu yarda akwai cikin da ba ta karɓa ba? Ana jajibirin Salla, layi ya yi tsawo, Hajo maƙwabciyarmu ta zuba alkama a ƙasan kwano ta rufe da masara, ta miƙa wai a yi mata a ƙaramin tunda ba kowa. Inna Gumsu ta cusa hannu har gindin kwanon, yadda take yi wa kowane kwano, ta ɗebo ta baje mata a tafin hannu.

"Hajo, alkakinki ya fi ran 'yar mutane?"

"Kai Inna, ɗan wannan me zai yi?"

Wannan maganar ita ce ke ƙona min rai, don ni ma na taɓa faɗinta. A wani biki Aziza ta zuba wa faranti ido, na ji kunyar a ce gwaggo ta hana 'yarta, na gutsura mata alkaki. Kwana huɗu tana murƙususu. Inna Gumsu ta tare ni a hanya ta ce, "Bushira, ke malamar makaranta ce fa. Ni da ban yi boko ba na gane, ke me ya hana ki?"

Ke ce, Inna, kika ɗauki laifin da ba wanda ya ɗora miki. Ke ce kika yarda a kira ki mai tsirfa, muddin yaran nan za su ci tuwo su kwana lafiya. Gumsu ta gaban inji, mai hannu har gindin kwano!

Yanzu ƙurar gari ta kama mata ƙirji, 'ya'yanta sun ce bayan babbar Salla ta huta. Ta ce ƙaramin injin kyauta ne ga duk mai niƙan da zai ware masa ɗaki, ya yi alkawarin ba zai zuba masa alkama ba. Mutum uku suka zo. Da suka ji sharaɗin, kowa ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Kyauta fa! A garin da injina suka fi a ƙirga, a rasa mutum ɗaya? Idan ɗakin nan ya rufe, yara uku za su koma cin abin da ke cinye musu hanji, iyayensu ba su ma sani ba.

Mun gode, Inna Gumsu. Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba. Ku kuma masu inji, ɗayanku ya taso kafin Salla, ƙofarta a buɗe take. Wanda yake ganin wahalar banza ce, ya zo gidanmu. Lokacin da take fama, Salla uku a jere Aziza ta yi da riga ɗaya, don jikinta ya ƙi ƙaruwa. Jiya Shamsiyya ta gwada mata rigar Sallar bara, ta ƙi wuce kafaɗa. Ta zauna a bakin gado da rigar a hannu, tana dariya tana kuka.