Kwalin da ya tashi Baba daga majalisa

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu ko a mafarki ba sa dawo min. Amma hoton da ya shigo wayata wata Laraba bayan la'asar, ina jin har in koma ga Mahaliccina yana nan a idona. Na goge shi tun ranar, na canza waya sau biyu bayan haka, duk a banza.

Ni malamar firamare ce a Tambuwal, nan aure ya kawo ni, amma a Kebbe aka haife ni, can kuma iyayena suke. A shekarun da nake ba da labari, in ana neman gwanar sayayya ta waya a makarantarmu, to ni ce. Takalmi, labule, injin markaɗe, har tabaran maigidana, duk ina kishingiɗe a ɗaki na yi cinikinsu. Kaya su sauka Sakkwato, a ba direban motar layinmu, in biya tasha in karɓa in na tashi aiki. Malamai 'yan'uwana har tsokanata suke yi, wai wata rana miyar kuka ma ta waya zan saya. Ni kuwa sai ƙara hura hanci nake, ina ganin na fi kowa wayewa. Kuma ba zan yi ƙarya ba, abin yana da daɗi. Babu shan rana, babu ɗan kasuwar da zai ƙare miki kallo yana tambayar ko ke za ki sa.

Babana tsohon ɗan kasuwar hatsi ne. Da ƙarfi ya ja baya, sai ya bar wa yayana rumfa, ya koma zaman gida. Akwai wata darbejiya a ƙofar gidanmu, a ƙarƙashinta ake shimfiɗa masa tabarma kullum daga la'asar zuwa magariba. Nan abokansa dattawa suke taruwa, nan ake kawo masa rigimar iyakar gona ko ta shanun da suka yi ɓarna, ya saurara, ya sasanta. Mutum ne mai son fararen kaya da tsabta har ta so ta yi yawa. Wannan zama shi ne duk abin da ya rage masa na duniya, kuma yana ji da shi.

Sai ciwo ya zo. Aka yi masa aikin mafitsara a Sakkwato, ya warke, amma fitsari ya daina riƙuwa kamar da. Daga shi sai Inna suka sani. Tsofaffin zannuwanta take yayyagawa tana naɗa masa, ta wanke su a ɓoye, ta shanya a cikin ɗaki don kada matan yayyena su gani. Yana fita majalisa, amma ba ya daɗewa, sai ya miƙe kamar zai sake alwala, shi ke nan ba zai dawo ba.

Wani zuwa da na yi gida na ga hannun Inna duk sabulu ya cinye, na matsa mata da tambaya har ta faɗa min cikin raɗa. Nan take na ce ai akwai ƙunzugu na manya, irin na jarirai da ake kira famfas, a sa a yar, ba wanki. Ashe Baba yana jin mu daga uwar ɗaki. Ya kira ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai "uwata".

"Uwata, kak ki tai kemis ɗin garin ga," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Mai shagon ɗan abokina na. In ya sani, gari ya sani."

"Ba kemis za ni ba, Baba. Ta waya nika saye, babu mai ganin mutum. Cikin kwali kayan ka zowa, a liƙe."

Ya ɗago ya dube ni. Can ya ce, "To, tunda kin ce hakanan. Asirina dai, uwata."

Karon farko komai ya tafi daidai. Da sunana na saya, na karɓa a tashar Tambuwal, na fasa kwalin a ɗakina, na zuba kayan cikin buhu na ɗora 'yar albasa a sama, na hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, har Kebbe. Duk wanda ya gan ni ya ɗauka tsaraba na kawo. Cikin mako guda Baba ya dawo da fararen kayansa, ya koma zama har a kira magariba, ya koma sahun gaba a masallaci. Hannun Inna ya warke. Ranar da na sake zuwa na hango shi yana kwasar dariya da abokansa, na ji kamar ni na ƙirƙiro wayar da kaina.

Karo na biyu ne ya zo da damina, ga jarrabawar yara ta kama. Wanda ya san hanyar Kebbe in ruwa ya sauka ya san abin da nake nufi, kafin mutum ya isa duk gaɓoɓinsa sun kwance. Ina duba waya sai na ga wani mai sayarwa yana tallan cewa shi har ƙofar gida yake kai kaya, ko a wane ƙauye. Na ce madalla, na huta. Da aka zo wajen rubuta adireshi na ɗan tsaya. A garinmu gida ba shi da lamba, da sunan maigida ake saninsa. Sunana kuwa ba zai yi amfani ba, don babu baƙon namiji da zai tsaya a ƙofar gida yana kiran sunan mace. Sai na rubuta cikakken sunan Baba, na ƙara da cewa gida mai darbejiya kusa da masallaci, na sa lambar wayata. Ko Inna ban gaya wa ba.

Ranar Larabar ina tsakiyar duba takardun yara wani ya kira ni. Ya ce shi ɗan kabu-kabu ne, direba ya ba shi kwali a tasha ya kai Kebbe.

"Hajiya, yaushe aka samun mai sunan ga a gida?"

Biro yana hannuna, idona a kan lissafin wata yarinya. Ko ɗagowa ban yi ba na ce, "Bayan la'asar shina ƙofar gida, ba ka rasa shi." Na kashe waya na ci gaba da aikina. Ni da bakina na zaɓar masa lokacin, kuma wannan ne abin da har yau ya fi ci min rai.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara, na buɗe, sai ga hoto. Baba ne a tsaye cikin farar rigarsa, ya rungume kwali da hannu biyu. Ruwa ya jiƙa kwalin a hanya, robar da aka ɗaure shi da ita a bayan babur ta yaga gefe guda, ledar ciki ta leƙo. A jikin ledar ga hoton wani tsoho mai furfura sanye da ƙunzugun yana murmushi. A bayan Baba kuwa ga abokansa zaune a kan tabarma, kusan su bakwai, wasu na kallon ƙasa, wasu na kallon gefe. Shi ma ba mai ɗaukar hoton yake kallo ba. A ƙasan hoton an rubuta, "Kaya sun isa lafiya, Hajiya." Na zauna daɓas a ƙasa, takardun yara suka watse.

Washegari da sassafe na kama hanya, jarrabawa ko oho. Hanyar da na guje wa ita na bi, cikin taɓo. Yayana, wanda aka yi abin a gabansa, ya tare ni a zaure ya ba ni labari. Ya ce ɗan kabu-kabun ya yi sallama ya kira sunan Baba da ƙarfi, ya sauke kwalin a tsakiyar tabarma. Sai wani taubashin Baba, tsohon da suke wasa tun suna yara, ya leƙa ya ce, "Kai Alhaji, haihuwa anka yi ba mu ji ba? Da furfurarka?" Kowa ya sa dariya, har Baban ya fara murmushi. Shi kuwa ɗan kabu-kabu, don ya nuna ya san kayan da ya ɗauko, ya ce, "A'a Baba, wanga ba na yara ba na. Na manya na, na tsofaffin da ba su iya riƙe fitsari." Dariya ta ɗauke. Sannan ya roƙi Baba ya riƙe kwalin ya ɗauke shi hoto, don ƙa'idar aikinsu ce a nuna kaya sun shiga hannun mai su.

Na tambayi yayana me Baba ya ce. Ya ce cewa ya yi a ba mutumin ruwa ya sha, ya sa masa albarka saboda ya sha hanya. Daga nan ya ɗauki kwalinsa da kansa, ya hana kowa karɓa, ya shige gida. Magariba a ɗaki ya yi ta. Na so in ga laifin ɗan kabu-kabun, na nema na rasa. Aikin da aka sa shi ya yi, a lokacin da na ce masa ya zo.

Na shiga na sami Baba zaune a bakin gado da carbi. Ya ce, "Kin iso? Ya hanya?" Na durƙusa, kuka ya ƙwace min, na ce ya yafe min.

"Mi kinka yi da za ni yafe miki? Alheri kinka nufa." Ya ja carbi biyu ko uku. "Ni dai na ɗauka ke za ki kawo, uwata."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, bai kuma sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Daga ranar Baba bai sake zama ƙarƙashin darbejiyar nan ba. Abin mamaki, ban taɓa jin wani a gari ya yi masa gori ba, dattawan nan sun kama bakinsu. Amma shi ya kasa. Su yi sallama, ya sa Inna ta aika a ce yana hutawa. Taubashin nan nasa ya fi kowa naci, kusan kullum sai ya zo, kullum a ba shi haƙuri ya koma. A hankali majalisar ta koma gefen masallaci, masu rigimar gona suka nemi wani. Ran Juma'a kaɗai yake fita, ya tsaya sahun baya, ana sallame salla ya riga kowa tashi. Na ci gaba da kawo kayan da kaina cikin buhu, ko ana ruwa ko ba a yi, amma na makara. Shekara guda da 'yan watanni ya yi a haka, Allah ya yi masa rasuwa.

Ranar sadakar uku aka ce wani dattijo yana son ganina a zaure. Na fita na tarar da taubashin nan shi kaɗai. Gaskiya a lokacin ina jin haushinsa, don na ɗauka bakinsa ne ya fara jawo komai. Na gaishe shi sama-sama.

"Ɗiyata, zamna," in ji shi. Ya duba ƙofa ya ga babu kowa. "Ran nan, ina ganin ledar na gane ko mine na. Don in rufe mai na yi zancen haihuwa, in maishe shi wasa, yaron ga ya ɓata min. Kin san yadda anka yi na gane? Shekara ukku nika fama da irin ciwon babanki. Da tsumma nika zama majalisar nan, kusa da shi, bai sani ba, ban sani ba. Zuwan da nika yi kullum, so nika in gaya mai ba shi ɗai na ba. Ba a bar ni na shiga ba."

Ya share idonsa da bakin rawani, sannan ya sassauta murya har da ƙyar nake jinsa.

"In da hali, ki sawo min irin nasa. Amma..."

"Ni za ni kawo da hannuna, Baba," na ce masa.

Har yau ina sayayya ta waya, ban daina ba, kuma ba zan ce wa kowa ya daina ba. Ita ce ta mayar da Babana cikin abokansa a karon farko. Amma na gane cewa liƙaƙƙen kwali ba ya rufa asiri, don waya ba ta san hannu nawa kaya za su bi ba, ba ta kuma san su wa ke zaune a ƙofar gida ba. Ni na sani, na yi ganda. Abin da mutum ya ba ka amana yana sunkuyar da kai, ba a aika shi, da ƙafarka za ka kai.

Duk wata ina hawa kabu-kabu zuwa Kebbe da buhu a cinyata, da 'yar albasa a sama, in kai wa tsohon nan. Hanyar gidansa ta gaban ƙofarmu take bi. Darbejiyar tana nan, inuwarta ma ta ƙaru, sai dai ba a shimfiɗa tabarma.