Taurarin Da Na Tara Wa Baba

In ana maganar wayar hannu, ni dai a duk faɗin Challawa ban ga na biyuna ba. Na sha faɗa a gaban jama'a cewa ko wayar da ta kwana bakwai a rijiya aka miƙo min, in na hura mata iska sai ta tashi ta gaishe ni. To, da wannan bakin nawa na faɗa cikin abin da zan ba ku labari. Ko zan yi shekara ɗari a duniya, haƙora su zube, in manta hanyar gidanmu, wannan abu ɗaya ba zai taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin jima, a sashen jiƙo, inda ake tsoma fatu a ruwan farar ƙasa gashinsu ya zube. Wari ne wanda in ka tashi aiki ka shiga Adaidaita Sahu, nan take sauran fasinjoji za su tuna sun yi mantuwa a gida. A sashen namu akwai wani dattijo, mutumin wani ƙauye can bayan Gumel, wanda ya fi shekara ashirin yana wannan aiki. Baba muke ce masa dukkanmu. Mutum ne shiru-shiru. Ni da surutu, shi da murmushi, haka muka saba har kwanon cin abincinmu ya zama ɗaya.

Baba yana da 'ya guda ɗaya tal. Uwarta ta rasu tun tuni, ita kuma sanƙarau ya taɓa ta tana ƙarama, ta tashi ba ta ji, ba ta magana. Ya daure ya sa ta makarantar kurame, ta fito da karatu da rubutu tsaf, ta koma ƙauye wajen gwaggonta tana ɗinki. Ku duba yadda lamarin yake: mu duk wanda bai yi boko ba sai ya danna waya ya aika saƙon murya, shi ke nan. Baba kuwa ko ya kira 'yarsa ba za ta ji shi ba. Rubutu kaɗai ne hanyar da ke tsakaninsu, shi kuma bai san ko harafi ɗaya ba. In saƙonta ya shigo, sai ya bi mutane a bakin get yana roƙo a karanta masa.

Wata rana muna cin shinkafa da wake a gindin darbejiya ya ce min, "Malam, yarinyar nan ta daina gaya min abin da ke ranta. Ta san ba ni nake karantawa ba. Kullum daga ina kwana sai ya aiki. Ina so kafin in mutu in karanta maganarta da idona, ba kowa a tsakaninmu."

Ba a yi wata biyu ba sai ga wata ƙungiyar yaƙi da jahilci ta kawo mana karatun manya. Tsarin kashi biyu ne. Ranar Asabar a zauna a aji tare da wata malama, sauran ranaku kuwa kowa ya yi karatu a wayarsa ta hanyar wani wasa. Wanda ba shi da babbar waya aka ba shi, ya sa layinsa a ciki. Wasan kuwa daɗi gare shi: murya za ta faɗi harafi, haruffa su riƙa saukowa daga sama, ka taɓa wanda aka faɗa kafin ya kai ƙasa. In ka dace, tauraro ya faɗo maka da wata 'yar ƙara mai sanyaya zuciya. Duk abin da ka yi kuma yana zuwa kwamfutar Malama. Wanda sunansa ya yi ja, ranar Asabar za ta jawo shi gaba, ta kama hannunsa a kan allo. Wanda ya yi kore kuwa sai ta ba shi littafi ya koma baya ya ci gaba da kansa.

Da yake na ɗan taɓa sakandare, sai aka naɗa ni mai taimaka wa 'yan sashenmu. Aka kuma ce sashe da sashe za a yi gasar taurari. Ina jin haka na hau kan wata ganga na yi wa 'yan sashen rini shela cewa su fara kuka tun yanzu, don taurarin da za mu tara sai sama ta zo aro a wajenmu.

Baba ne ya fara rubuta suna. Sai dai an samu matsalar da masu tsara wasan ba su taɓa tunaninta ba, domin ba su taɓa ganin hannun majemi ba. Shekara ashirin a cikin farar ƙasa ta mai da yatsun Baba kamar ɓawon itace, duk kanta da faso. In ya taɓa gilashin wayar, sau uku sai ta ji ɗaya. Kafin ya gane harafin, ya danna, ta amsa, harafin ya riga ya faɗi. Sati biyu sunansa na ja. Asabar biyu ke nan Malama ta zaunar da shi a gabanta, kuma a nan ya koyi haruffa biyu, B da A. Na tuna ranar da ya rubuta "Baba" a kan allo da alli. Ya daɗe yana kallonsa, ya ƙi yarda a goge.

Ni kuwa ba allon nake kallo ba. Jerin gasa nake kallo, kuma Baba ne yake ja mana baya.

Ranar Litinin a lokacin hutun rana na ce, "Baba, ku kawo in nuna muku yadda ake yi." Na karɓi wayar. Wallahi da niyyar nuni na karɓa. Amma da yatsuna suka fara rawa, taurari suka fara zuba kamar ruwan Agusta, sai na manta da mai wayar. Kafin a buga ƙararrawa na cinye mataki huɗu.

Ya ce, "Malam, ni fa ban gane komai ba."

Na ce, "Haba Baba, ai kallo ma karatu ne. Ku dai zuba ido, zai shiga da kansa."

Kashegari na sake. Jibi ma haka. Ya zama kullum in ya wanke hannu sai ya miƙo min wayar, ni in buga, shi yana kallo yana gyaɗa kai. Sunansa ya koma kore shar. Da Asabar ta zo Malama ta duba kwamfuta ta ce, "Masha Allah! Baba, ashe ɓoye mana kuka yi. Ku koma baya ku ɗauki littafi, ku ba wasu wuri." Na ga ya buɗe baki zai yi magana. Na kashe masa ido, na ɗaga masa babban yatsa. Ya dube ni, ya dubi allon da yake rubuta sunansa, ya tashi ya koma baya. Bai so ya kunyata ni ba. Sati tara yana zaune a bayan aji da littafi a buɗe, yana juya shafi duk lokacin da ya ga na kusa da shi ya juya.

Yanzu da nake rubuta wannan, na san ba wayar ce ta yi laifi ba, ba kuma Malama ba. Tsarin an yi shi ne don jan nan ya kira malami zuwa ga wanda ke buƙatarsa. Ni na shafe jan. Na toshe bakin da yake kiran taimako da shi, ina dariya.

Muka ci gasa. Ranar rufe aji Baba ne ya zo na ɗaya a kamfanin gaba ɗaya. Manaja ya miƙa masa takardar shaida, aka ɗauki hoto, aka manna a bakin get. Ni na ɗauke shi sama ina kirari. Daga ranar sunansa ya koma Farfesa. In ya doso wani da waya, kafin ya yi magana za a ce, "A'a Farfesa, ai mu ne za mu kawo muku namu ku karanta mana!" Sai ya yi murmushi ya mai da wayar aljihu. Duk waɗanda suke karanta masa saƙo a da, na raba shi da su a rana ɗaya. Saura ni kaɗai. A bayan ɗakin ajiyar gishiri nake karanta masa a ɓoye, kullum ina cewa, "Ku kwantar da hankalinku Baba, bayan salla zan zaunar da ku in koya muku da gaske. Sati ɗaya ya ishe ni, ni da na koya wa aku Turanci."

Salla ta zo ta wuce. Ban zaunar da shi ba.

Sai bikin ƙanena ya taso a Wudil, na ɗauki hutun kwana uku. Ranar Alhamis da hantsi ina tsakiyar abokan ango, ina ba su labarin da ya sa wani ya ƙware da zoɓo, sai ga kiran Baba.

Ya ce, "Malam, yarinyar nan ta yi rubutu."

Na ce, "To Farfesa, sai a karanta mana!"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Na ga sunana a farko, shi na gane. Amma wannan gajere ne, ba kamar wanda ta saba ba. Kuma sunan nawa sau biyu ta rubuta."

Na ce, "Gaisuwa ce kawai, kewarku take yi. Ku bari in dawo ran Asabar mu karanta a tsanake." Ana ta kirana a zo a yi hoto, na kashe waya. Ko tunanin in ce ya nemi wani ya karanta masa ban yi ba. Shi kuma wa zai nema? Hotonsa na manne a bakin get da takardar shaida a hannu.

Daga baya na ji cewa kwana biyun nan, duk lokacin hutu, yana zaune shi kaɗai a gindin darbejiya da waya a tafin hannu, yana bin saƙon da yatsa. Ya kira gwaggon yarinyar, ta ce ɗan zazzaɓi ne, tana kwance, an ba ta magani. A gidan ba mai karatu, ba kuma wanda ya iya maganar hannu sosai. Abin da take ji a jikinta, mutum ɗaya kawai ta gaya wa.

Asabar da safe na dawo da ledar alkaki, na same shi a bakin get tun kafin a buɗe. Ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo wayar. Na karanta a zuci.

"Baba, Baba, ka zo ka kai ni asibiti. Cikina. Ba su gane ba."

Ya ce, "Me ta ce?"

Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, sai da ya tambaya sau uku. Sannan na karanta masa. Ya tuɓe takalman aikinsa ya ajiye a gefen get, ya juya. Na bi shi, muka tari Adaidaita zuwa tasha, muka shiga motar Gumel. Mun wuce Gezawa kaɗan wayarsa ta yi ƙara. Na ji kukan mata tun kafin ya kai ta kunne. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya sa wayar a cinya, ya juya fuskarsa wajen taga.

Mun samu jana'iza. Na san rai na Allah ne, kuma in kwana ya ƙare ba mai ƙara shi. Mutane da yawa sun gaya min haka, na kuma yarda. Amma na san ta kira ubanta ranar Alhamis, ta kuma jira shi har Asabar tana zaton ya karanta. Ai an aika mata hoton takardar shaidar. Ni da kaina na aika.

Na koma wajen Malama na gaya mata komai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi daga yanzu ba wanda zai koma bayan aji sai ya karanta mata layi ɗaya da bakinsa, kuma za ta nemo wa majema ɗan alƙalamin taɓa gilashi. Ni ma tun daga lokacin, in ɗana ya kawo min aikin makaranta a waya ya ce in taya shi, hannuwana a baya nake sa su. Na gane cewa in ka yi wa mutum karatunsa, ba taimakonsa ka yi ba, hanyarsa ka tare, ka kuma kori duk wanda zai nuna masa ita.

Baba bai koma aiki ba. Bayan sadakar bakwai ya zo ɗaukar kayansa, na same shi a gindin darbejiyar nan. Na durƙusa na ce ya yafe min, na ce ko yau ya zauna zan fara koya masa daga farko, harafi bayan harafi, ba wasa.

Ya ce, "Na yafe maka, Malam. Amma wa zai rubuto min?"

Ya ciro layinsa, ya sa min wayar a hannu, ya naɗe yatsuna a kanta da hannunsa mai kaushi.

"Riƙe. Taurarinka suna ciki, ban taɓa ko ɗaya ba."