Ranar da Yaya Sunusi Ya Cire Hula

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, Injiniya Sunusi Jumare, a wani asibiti da ke Manchester, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ni ce ƙanwarsa Ruƙayya ta unguwar Small Heath a Birmingham, wadda ya yi shekara sittin yana tsokana ina ramawa.

Yaya, jama'a na ta zuwa gaisuwa, kowa da alherinka a bakinsa. Wannan ya ce kai ka tarbe shi a filin jirgi ranar da ya sauka ba ko rigar sanyi, wancan ya ce wata uku ya yi a gidanka na unguwar Rusholme a Manchester kafin ya sami ɗaki. Amma da an ɗan zauna sai wani ya ce, "Kun tuna Tsohon Faris?" Sai falo ya ɗauki dariya, har matarka Anti Nana A'isha tana share hawaye tana darawa.

Tsohon Faris shi ne sunan da ka laƙaba wa wani Bafaranshe na ƙarni na goma sha tara, ɗan jarida kuma marubucin wasan kwaikwayo. A shagon tsofaffin littattafai ka tsinci littafinsa, ga Faransancin da ka koya lokacin da kake aikin gada a Nijar. Shi ke nan muka shiga uku! Ba tuwon da za a ci a gidanka ba tare da labarinsa ba: yadda aka kore shi daga gidan jarida sau biyu saboda zolayar manya, yadda ya rubuta wasa sama da talatin, ya mutu ba mai tunawa da shi. Kana ba da labarin kamar tare kuka yi makarantar allo.

Shekara goma sha tara ka yi kana mayar da wasansa ɗaya Hausa, labarin wani wanzami da aka naɗa magajin gari bisa kuskure. Burinka shi ne jikokinmu da aka haifa a nan, waɗanda ake yi musu Hausa su amsa da Turanci, su hau dandamali su yi shi da harshen iyayensu, jama'a kuma su yi dariya. Dariyar nan ita ce fargabarka. Ka ce mini in aka yi shiru, aikinka ya tashi a banza, yaran kuma ba za su sake yarda su buɗe baki da Hausa a gaban mutane ba.

Sai ka karanto cewa a birnin Faris na wancan zamani, gidajen wasa kan ɗauki mutane su zauna cikin 'yan kallo, aikinsu kawai tafi da dariya. Ka ɗauko ni, likita da furfurata, ka naɗa ni shugabar masu dariya. Na tattaro mata goma sha ɗaya daga Birmingham, muka cika ƙaramar bas. Umarninka ɗaya ne: duk lokacin da ka cire hula, mu fashe da dariya.

Ranar wasan, Asabar ɗin nan ta watan Agustan bara, an yi zafi, zauren kuma ba iska. Shugaban taro, Dakta Aminullahi, ya tashi ya ce, "Ba zan tsawaita ba." A daidai nan gumi ya dame ka, ka cire hula za ka goge kai. Wallahi Yaya, mun yi aikinmu! Mata goma sha biyu muka kwashe da dariya har da tafi, bawan Allah ya daskare da takarda a hannu. Ka mayar da hular nan, ka dafe ta da hannu biyu, ba ka sake sakinta ba har aka tashi.

Sai jikarka Inaya ta fito da rawani da zabirar wanzami, ta buɗe baki da Hausarta mai ƙamshin Manchester. Zaure ya rikice. Dattawa na riƙe ciki, yara na tambayar iyayensu me aka ce don kada a bar su a baya.

Duk da haka ba ka yarda dariyar gaskiya ce ba. Ka ce tausayinka na ji, na ba matana wata alama a ɓoye. Wata tara kana tambayata, ina ja maka rai don in rama tsokana. Ko a gadon asibiti ka tambaya, na ce, "Sai ka warke zan faɗa maka." Na zaci akwai sauran lokaci, wannan kuwa yana ci mini rai.

To ga amsarka, Yaya. Ban ba kowa alama ba. Mantawa na yi da aikin da ka ba ni, na yi dariya har ɗankwalina ya zame. Jama'ar nan da kansu suka yi, aikinka ne ya sa su.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Anti Nana A'isha, 'ya'ya da jikoki, da 'yan'uwa na Manchester da Birmingham da na gida, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa ni da yayana in faɗa masa da bakina. Amin.