Fassarar Maman Ladi

Wata Lahadi ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, aka kawo wuta bayan azahar, yaran gidanmu na haya a Onitsha suka kaure da ihu. Babbar kasuwa ba ta ci ranar Lahadi, don haka duk maza suna gida, daga masu dako har Babanmu mai sayar da albasa. Maman Ladi, maƙwabciyarmu 'yar kudancin Kaduna, ta dawo daga coci, ko ɗankwali ba ta cire ba ta sa aka fito da talabijin da bidiyonta baranda. Ita kaɗai ke da su a gidan, kuma ita ke fassara mana finafinan Indiya, wai ta zauna a Kano ta ƙoshi da silima.

A lokacin Innarmu ta yi yaji, tana Zariya gidan iyayenta. 'Yar magana ce da ba ta taka kara ta karya ba ta haɗa su, amma Baba ya kafe cewa ƙafar da ta kai ta ita za ta dawo da ita. Ni Hajara ni ce babba, sai girki da wanki suka dawo kaina. Tuwona kullum da gudaji, ƙannena suna ci suna harara ta. Kitsona ya tsufa har ƙawayena na makaranta suna tsokana ta da Iyamuranci, a zatonsu ba na ji. Na daina 'yar gala-gala, na daina carafke. In na je famfo ɗibar ruwa nakan yi kukana in wanke fuska, don tsoro nake kada Inna ta tafi ke nan.

Baba ba ya kallon fim, shirme yake kiransa. Ranar Maman Ladi da kanta ta ajiye masa kujera, ta ce, "Baban Hajara, abeg zauna, ina za ka cikin wannan ruwan?" Kunya ta sa ya zauna.

Tsohon fim ne, har kalarsa ta koɗe. Wani mutum ya bar matar da yake so ta tafi cikin fushi, girman kai ya hana shi bin ta, sai waƙa yake yi shi kaɗai har gashinsa ya yi fari. Ko da ba ka jin yaren, muryar nan sai ta karya maka zuciya. Da aka zo wurin da ya tsaya a ɗakinta da ba kowa yana doguwar magana, Maman Ladi ta gyara zama ta ɗaga murya: "Cewa yake, da na sani ƙeya ce. Da na shiga mota na je biko tun tana da rai. Ga yarana, rabonsu da tuwon kirki tun tafiyarta." Ni dai ban ga yara a fim ɗin ba, ban kuma ga tuwo ba. Baba ya yi tari, ya dube ni da tsohon kitsona, ya tashi ya shiga ɗaki.

Washegari ya bar wa abokinsa rumfa ya hau motar Arewa. Kafin wata Lahadin, ƙamshin miyar Inna ya cika tsakar gida.

Bara na samo fim ɗin a wayata, da fassarar Hausa ta ƙwararru. Ashe tsohon nan zancen furanni da farin wata yake yi, babu biko ko kaɗan. Na yi dariya har da hawaye, sannan na yi wa Maman Ladi addu'ar alheri, don ban san inda rayuwa ta kai ta ba. Fim ɗin yana nan da kyansa, har gobe yana sa ni kuka. Baba da Inna sun tsufa tare, Baba yana nan yana cewa fim shirme ne. Yanzu kowa kallon fim yake shi kaɗai a wayarsa, kunne a toshe da abin sauraro, babu baranda, babu mai fassarar da ta san abin da ke damun gidanku. Fassarar wayata ta fi daidai, amma ta Maman Ladi ce ta dawo mana da uwa.