Kunyar 'yar fari a gaban likita

Shekarar da ma'aikatan lafiya suka shigo Hindawiyya, unguwarmu a ƙasar Larabawa, yin lambar rigakafin agana, kowa ƙofarsa ya rufe. Yawancinmu ba mu da iƙama, takardar zama a ƙasar, to wa zai buɗe wa mai farar riga? Da suka gaji da buga ƙofa sai suka nemi Inna, mahaifiyata, don ita ce ungozomar unguwa, kuma ta tsinci Larabci a hanyar Sudan. Tana gaba tana sallama, suna biye da kayan aiki. Babban likitansu, wani Balarabe mai yawan gumi, ya yi alkawarin zai tsaya ta sami iƙama, ita da 'ya'yanta.

Ni ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. “Ke” nake, ko “waccan”. Kunya ce, kowa ya sani a wajenmu.

Ranar da aka gama aiki likitan ya zo gidanmu, tsakar gida cike da mata. Ya shafa kan ƙannena biyu, Inna ta faɗi sunayensu. Sai ya nuna ni.

“Hadi bintik?” Wato 'yarki ce?

Inna ta kalli randa, ta ce masa 'yar maƙwabta ce.

Mata suka yi dariya, don amsar da ta dace ke nan. Likita ya gyaɗa kai, ya ce to yara biyu, ya nufi ƙofa. Ni kaina ya ɗaure. Na san al'ada ce, amma na san inda ake kai marar iƙama: Jidda, bakin jirgin ruwa, a fitar da shi daga ƙasar. Tsoro ya kama ni, na rasa ko dariya zan taya su ko kuka zan yi.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tare shi da guntun Larabcinta, rabi da hannu.

“Ta haife ta ko ba ta haife ta ba?” in ji shi.

“Ta haifa, amma ba a faɗa,” in ji Gwaggo.

Ya share gumi, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi daga bakin uwar yake son ji.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. “Binti,” ta ce, ƙasa-ƙasa. Wato 'yata.

Na sami iƙamata. Har Allah ya karɓi ranta ba ta sake faɗa ba, da Hausa kuwa ko sau ɗaya. Har yau ban sani ba ko likita ta faɗa wa ko ni.