Ƙullin Kawu Sale a Jikin Bukhara

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, kuma na daɗe ina jinkirin wannan rubutu, don ina tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba.

Kawu ya yi shekaru yana aiki a lambunan Ɗa'ifa, garin sanyi a kan duwatsu, ba tare da iƙama, takardar izinin zama, ba. Da ƙarfinsa ya ƙare, ya sauko Makka da dashen bukhara, mai ƙananan 'ya'yan nan jajaye masu tsami, ya dasa cikin rabin duro a saman soronmu na unguwar Hindawiyya. Ya yi mata aure da reshen mishmish, wani itacen marmari ɗan'uwanta, ya ɗaure wurin da ƙyallen tsohon haraminsa, ƙulli biyu, bakin zaren yana kallon alƙibla. Ni da na karanta aikin gona na ce masa itacen sanyi ba ya fure a zafin Makka.

"Ya waladi, ɗana, takardarka ce ta ce haka," in ji shi. "Ni ma ba a nan aka shuka ni ba."

Bishiyar ba ta yi fure ba sai makon da muka kai shi makwanci. Wataƙila sanyin shekarar ne. Haka dai nake gaya wa kaina.

Bana za mu koma unguwar Rusaifa, duron kuma ba zai bi ta matakala ba. In ban ɗauki reshe na yi masa sabon aure da ɗan dashe a tukunya ba, bishiyar ta tafi ke nan. Sau uku ina gwadawa yana bushewa. A na huɗu na naɗe shi da leda, yadda aka koya mana. Bayan 'yan makonni, wata rana da hantsi na hau ban ruwa, sai na tarar da farin ƙyalle a kan ledar, ƙulli biyu, bakinsa alƙibla.

Na tambayi Inna, matar Kawu, wadda gwiwa ta hana ta hawa soro tun bara, ko ta san wanda ya ɗaura.

"Reshen ya kama?" ta ce.

"Ya kama, Inna, har ya yi toho."

"To, me kake nema kuma?"

Ban ce Kawu ne ya ɗaura ba; mamaci ba ya dawowa, wannan na sani. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma da zai ga tohon nan, ina jin dariya zai yi mini. Bai bar gida ba, bai bar takarda mai sunansa ba. Reshen kawai ya bari, kuma ranar tashi ni zan rungume shi a mota. Ƙullin dai ban kwance ba.